Tsohon Albarushi Marar Hayaƙi: Gane Mai Lafiya da Wanda Ya Lalace

Albarushi marar hayaƙi shi ne makamashin da ke cikin kusan kowane harsashin zamani, daga na ƙaramar bindiga har zuwa na igwa. Suna ya haɗa shi da baƙin albarushin da maharba suka sani, amma asalinsu daban ne, halinsu ma daban. Baƙin albarushi gauraye ne na gawayi da farar wuta da gishirin fotashiyam naitiret, kowanne yana zaune kusa da ɗan'uwansa ba tare da sun zama abu guda ba, kuma muddin danshi bai taɓa shi ba yana iya shekara ɗari yana nan yadda yake. Marar hayaƙi kuwa tushensa naitiroselulos ne, wato zaren auduga ko na itace da aka sarrafa da asid ɗin naitirik, kuma wannan sinadari yana soma ruɓewa a hankali tun ranar da aka gama yin sa. Babu mai iya tsayar da wannan ruɓewa. Iyakar abin da masana'anta ke yi shi ne rage mata gudu.

A Amurka da Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Turai akwai mafarauta da masu gasar harbi da ke ɗura harsasansu da hannu. Sukan tattara kwanson tagulla da aka riga aka harba, su gyara shi, su sa masa sabuwar firama, wato 'yar hular da ke gindin kwanso wadda ke ba da tartsatsin farko, su auna albarushi a sikeli, su ɗora kan harsashi su danne. A Amurka mutum ba ya buƙatar lasisin tarayya don ya ɗura wa kansa. A Jamus sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya karɓi izini a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta ɗora mallakar bindiga da harsashi a kan lasisi, ba ta kuma bar wa mutum ya haɗa harsashi a gidansa ba. Matashin da karatu ko neman abinci ya kai shi inda doka ta yarda da wannan aiki, da wanda aikin ɗamara ya haɗa shi da rumbun makamai, da wanda ya tarar da tsohon gwangwani a cikin kayan gado, duk tambayarsu ɗaya ce: abin da ke ciki yana da lafiya, ko ya zama haɗari?

Masu koyo kan ɗauka cewa shekaru ne ke yanke hukunci, wato idan gwangwani ya kai kaza sai a zubar, idan bai kai ba sai a yi aiki da shi. Tarihin sana'ar ya nuna ba haka abin yake ba. A 1947 wani Ba'amurke mai suna Bruce Hodgdon ya sayi wajen tan 25 na albarushin da sojojin ƙasarsu suka rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya riƙa sayar wa masu ɗuri a ƙananan mazubai, kuma a kan wannan rarar aka gina kamfanin da har yau ke ɗauke da sunansa a jihar Kansas. An daɗe ana harba albarushin zamanin yaƙi shekaru da yawa bayan an daina yaƙin, yana kuma aiki daidai. A ɗaya ɓangaren, a 2015 kamfanin IMR ya yi shelar janye wasu rukunai na albarushinsa mai suna 4007 SSC, wanda bai daɗe a kasuwa ba, saboda an gano yana iya lalacewa da sauri har ya kama wuta da kansa. Ke nan abin da ke ƙayyade ran albarushi shi ne yadda aka wanke shi a masana'anta, da yawan sinadarin kariyar da ya rage a jikinsa, da irin zafin da ya sha a wurin ajiya. Shekarar da ke rubuce a gwangwani shaida ɗaya ce kawai cikin shaidu.

Da rayuka masu yawa aka sayi wannan ilimi. Christian Friedrich Schönbein ya fito da audugar bindiga, wato naitiroselulos, a 1846, kuma a 1847 masana'antar da aka kafa don yin ta a Faversham ta Ingila ta tarwatse ta kashe ma'aikata. Sai a shekarun 1860 Frederick Abel ya nuna cewa ragowar asid da ke maƙale cikin zaren ita ce tushen matsalar, ya fito da hanyar niƙa audugar da wanke ta sosai. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya yi albarushi marar hayaƙi na farko da ya yi aiki a bindigar soja, wanda aka sani da Poudre B, aka kuma ɗura shi a bindigar Lebel ta 1886. Alfred Nobel ya biyo da balistait a 1887, Abel da James Dewar suka kawo kodait a 1889. Sojojin ruwa suka cika cikin jiragensu da sabon makamashin, galibi a ɗakunan da ke maƙwabtaka da injina da tukwanen tururi. Ranar 12 ga Maris 1907 jirgin yaƙin Faransa mai suna Iéna ya fashe yana tsaye a wurin gyara a Toulon, mutum fiye da 100 suka mutu. Ranar 25 ga Satumba 1911 jirgin Liberté ya fashe a wannan tasha dai, ya kashe fiye da 200. A duka biyun Poudre B da ya ruɓe aka ɗora wa laifi. A 1917 jirgin Ingila mai suna Vanguard ya tarwatse a Scapa Flow da mutum fiye da 800 a cikinsa, bincike kuma ya fi karkata ga kodait da ya sha zafi. Babu abokin gaba da ya harbi ko ɗaya daga cikin jiragen nan uku.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar albarushi ba shi da wuyar ganewa. Haɗin da ke riƙe da rukunin naitiret a jikin zaren mai rauni ne, kuma ko a ɗaki mai sanyi wasu daga cikin haɗe-haɗen nan suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tsinke yana sakin iskar naitirojin oksaid. Iskar ta haɗu da ɗan danshin da ke cikin mazubi ta zama asid, asid ɗin ya ci zaren da ke kusa, wanda aka ci ya saki ƙarin iska da ƙarin zafi, zafin kuma ya ƙara wa aikin sauri. Ruɓewar tana ciyar da kanta. Idan albarushin kaɗan ne kuma a baje yake, zafin yakan fita ya bi iska. Idan yana da yawa a matse, tsakiyarsa takan yi ɗumi kamar yadda tulin ɗanyar harawa ke yin zafi daga ciki idan aka danne ta ba ta bushe ba, har a kai inda zafin da ke taruwa ya fi wanda ke fita, sai wuta ta tashi ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba. Tsohon fim ɗin sinima ma da naitiroselulos aka yi shi, shi ya sa a watan Yuli na 1937, cikin kwanakin tsananin zafi, ma'ajiyar fina-finan kamfanin Fox a jihar New Jersey ta kama da wuta da kanta.

Maganin da masana suka samo shi ne a zuba wa albarushi sinadarin kariya tun a masana'anta, galibi kusan kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Wanda aka fi sani shi ne difenilamin, akwai kuma etil sentiralait da akadait, waɗanda ake yawan sa wa albarushi mai tushe biyu, wato wanda aka ƙara wa naitirogilisarin a kan naitiroselulos. Sinadarin kariya ba ya hana haɗin tsinkewa. Aikinsa shi ne ya cafke iskar da ta fito kafin ta zama asid. Amma duk wadda ya cafke tana cinye wani ɓangare nasa, don haka kullum raguwa yake yi. Muddin da saura, albarushin yana nan lafiya a ido da a hanci da a bindiga. Ranar da ya ƙare, ruɓewar da ta yi shekaru tana tafiyar hawainiya sai ta koma gudu, cikin watanni ko makonni a ga gwangwani ya lalace.

Zafi shi ne babban mai cin wannan kariya. Ƙa'idar da masu ilimin sinadarai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana ninka saurin irin wannan ruɓewa sau biyu ko fiye. Gwangwanin da ya zauna a digiri 40 yana tsufa aƙalla ninki huɗu na wanda ya zauna a digiri 20. Gwangwani biyu da aka cika rana ɗaya daga tukunya ɗaya, ɗaya ya kwana shekara ashirin a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Kanada, ɗaya a shagon kwano a jihar Arizona, ba su da tsufa ɗaya. Wannan lissafi ya fi nauyi a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri da Agadas, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, cikin kwantena ko ɗakin kwano ko but ɗin mota kuwa abin ya zarce haka nesa. Abin da ya faru a tsibirin Saifurus ya isa misali. A 2009 hukumomi suka ƙwace kwantena 98 na kayan yaƙi, mafi yawa albarushin igwa, daga jirgin ruwa mai suna Monchegorsk, suka jibge su a fili a sansanin sojan ruwa na Mari. Suka yi fiye da shekara biyu rana tana dukan su, har wasu suka kumbura. Ranar 11 ga Yuli 2011 suka fashe, mutum 13 suka mutu, babbar tashar lantarki ta Vasilikos da ke kusa ta lalace, ƙasar ta shiga ƙarancin wuta.

Duba tsohon gwangwani yana farawa ne tun kafin a taɓa murfinsa. A fitar da shi waje, a inuwa, nesa da murhu da taba da janareto, mai dubawa kuma ya sa tabarau na kariya. Abin da ake nema a waje shi ne kumburi, da tsatsa a kewayen murfi, da takardar suna da ta koma ruwan ƙasa ta yi ƙamas tana farfashewa, ko robar da ta canza launi ta yi rauni. Iskar asid takan sulale ta gefen murfi, shi ya sa wani lokaci ake ganin ƙarafan da ke kusa da mazubin a kan shiryayye, kamar ƙusa ko maƙulli, sun yi tsatsa alhali sauran kayan ɗakin ba su yi ba. Sannan a ɗora tafin hannu a jikinsa. Idan ya fi sauran kayan da ke wurin ɗumi, bincike ya ƙare a nan: wannan albarushi yana kan hanyar kama wuta, ba a mayar da shi ɗaki, ba a sa shi a mota, a nisantar da mutane a kira 'yan kwana-kwana ko sashen 'yan sanda masu kwance bam.

Idan waje bai nuna komai ba, sai a buɗe a hankali, fuska tana gefe. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai da harsasan wasanni na Amurka suka kafa a 1926, hanci ta sa a gaba a shawararta kan wannan bincike. Albarushi mai lafiya yana da ɗan ƙamshin ruwan da aka narka shi da shi a masana'anta, irin warin sifirit na asibiti ko na ruwan goge jan farce. Wanda ya lalace kuwa warinsa mai tsami ne mai yaji, yana sukar hanci yana sa ido ƙwalla, wani lokaci har a ga hayaƙi ja-ja mai duhu yana tasowa daga bakin gwangwani. Wannan hayaƙi naitirojin dayoksaid ne, guba ne ga huhu, kuma illarsa tana iya jinkirta sa'o'i kafin ta bayyana. Don haka ba a cusa hanci a cikin mazubi a ja numfashi. Da hannu ake kaɗo iskar bakin gwangwani zuwa hanci kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya shaƙi hayaƙin da yawa ya je asibiti ko da yana jin lafiyarsa ƙalau. Rashin wari gaba ɗaya ba alamar ruɓewa ba ce, sau da yawa ruwan masana'antar ne ya gama tashi. Sai dai albarushin da ya bushe fiye da yadda aka sayar da shi yakan ci da sauri fiye da da, wannan kuma yana da muhimmanci idan aka zo ɗuri.

Bayan hanci sai ido. A zuba kamar cokali ɗaya a kan farar takarda, a karkata ta ƙwayoyin su gangara. Ƙwayoyi masu lafiya, ko 'yan gajerun sanduna ne masu huda a tsakiya, ko 'yan faya-fayai, ko 'yan ƙwallaye, suna gangarawa a warwatse, girmansu ɗaya, galibi da ɗan ƙyallin toka-toka na garafait da aka shafe su da shi, su bar takarda fes ko da ɗan baƙin gari kaɗan. Alamar lalacewa ita ce ƙura mai launin tsatsa da ke bin bayansu a kan takardar, ko wadda ke tashi a iska lokacin zubawa. Haka nan ƙwayoyin da suka dunƙule, ko suka yi danƙo, ko suka yi maiƙo, ko waɗanda ke murƙushewa tsakanin yatsu. A haska tocila a cikin gwangwanin ƙarfe a duba bango da ƙasan murfi. Wasu kan ce jan garin daga gwangwanin yake ba daga albarushin ba, don haka a tankaɗe a ci gaba da aiki. Wannan magana ba ta da madafa. Gwangwanin da ke rufe ba ya tsatsa daga ciki sai da dalili, dalilin kuwa ko asid ne ko danshi, kowanne ya isa a yar da abin da ke ciki. Abu ɗaya da bai kamata ya ruɗi mai koyo ba shi ne, wasu nau'o'i kamar Red Dot da Green Dot da Blue Dot masana'anta ce ke cakuɗa musu 'yan ƙwayoyi masu launi don a gane su. Waɗannan ƙwayoyi ne cikakku masu siffar sauran, ba ƙura ba ne.

A nan ne matashi ya fi buƙatar natsuwa, domin binciken ido da hanci yana iya tabbatar da cewa albarushi ya lalace, amma ba ya iya tabbatar da cewa yana da sauran rai mai tsawo. Wari da jan hayaƙi suna fitowa ne bayan sinadarin kariya ya ƙare ko ya kusa. Gwangwanin da ya rage masa rabin kariyarsa da wanda ya rage masa ɗan mitsitsi kamanninsu ɗaya ne a kan farar takarda. Abin da ke bambanta su gwajin ɗakin bincike ne. Tsohuwar hanyar Abel ita ce a ɗumama samfur a rataya masa takarda mai sinadarin aidin da sitaci, a ƙirga mintocin da za ta ɗauka kafin ta canza launi. Akwai gwajin takarda mai launin shunayya da ake yi a digiri 134.5 ga mai tushe ɗaya, wato wanda ba a ƙara wa naitirogilisarin ba, da gwajin da ake ajiye samfur a digiri 65.5 ana jiran ranar da jan hayaƙi zai bayyana. A yau an fi dogara da na'urar da ke tace sinadarai ta auna ainihin kariyar da ta rage, kuma a ƙa'idar sojan Amurka rukunin da kariyarsa ta faɗi ƙasa da kashi 0.20 cikin 100 ana lalata shi, ko da a ido ba shi da aibu. Mai ɗuri a gida ba shi da waɗannan na'urori, kuma ɗumama albarushi a kan murhu da sunan gwaji ganganci ne. Abin da yake da shi a madadinsu biyu ne: sanin inda gwangwanin ya zauna, da maimaita dubawa aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. Gwangwanin da ba a san inda ya yi shekarunsa ba, ko aka san ya yi su a wuri mai zafi, bai cancanci a ba shi amanar da ake ba wanda aka san tarihinsa ba.

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan, wato ko abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta a waje. Nau'o'in albarushi marar hayaƙi sun haura ɗari a kasuwa, kuma babban bambancinsu shi ne saurin ci. Na ƙaramar bindiga irin su Bullseye yana ci da sauri ƙwarai, na babbar bindigar farauta yana ci a hankali. Harsashi mai lamba .308 Winchester yana ɗaukar wajen giram uku na albarushi kawai, amma matsin da aka yarda ya kai a cikin bindiga laba 62,000 ne a kan kowane murabba'in inci, 'yan yatsu kaɗan daga fuskar mai harbi. Idan aka cika wannan kwanso da albarushi mai saurin ci, ƙarfen bindigar ne zai tsage. Ba a gane nau'in albarushi da ido, domin nau'o'i da dama kamanninsu ɗaya. Ko suna ma yana ruɗi: H4831 da IMR 4831 lambarsu ɗaya amma ma'auninsu daban ne. Saboda haka albarushin da aka tarar a kwalba ko leda ko gwangwanin madara, ko da an rubuta masa suna da biro, da buɗaɗɗen gwangwanin da aka saya a gwanjo daga hannun wanda ba a sani ba, da wanda aka zazzage daga tsofaffin harsasan soja, duk hukuncinsu ɗaya ne, ba a ɗura su. Mai gwangwanin na farko yana iya juye ragowar wani nau'i a ciki bisa kuskure, kuma idan ya rasu babu wanda za a tambaya. Kuɗin laba ɗaya ta sabon albarushi bai kai kuɗin bindiga ba, balle ido ko yatsu.

Idan gwangwani ya tsallake duk waɗannan, sunansa tabbatacce ne, ajiyarsa sananna ce, warinsa da kamanninsa lafiya, to ana ɗaukar sa kamar sabon rukunin da ba a taɓa gwadawa ba. A duba ko kamfanin ya taɓa janye lambar rukunin. A nemi ma'aunin da masana'anta ta wallafa na wannan nau'i, a soma daga mafi ƙanƙanta, a ɗura 'yan harsasai kaɗan, a harba su ta gaban na'urar auna gudun harsashi, a gwada da abin da littafi ya ce. Gudun da ya zarce na littafi, ko wanda ke hawa da sauka ba tsari, ko firamar da ta baje, ko kwanson da ya maƙale ya ƙi fita da sauƙi, duk suna cewa a tsaya. Kuskure ne a ɗauka cewa tsohon albarushi rauni kawai yake yi. Wani yana rauni, wani kuwa ƙwayoyinsa sun farfashe ko rufin da ke rage masa saurin ci ya lalace, sai ya ci gaba ɗaya a lokaci guda, matsi ya haura abin da bindiga za ta ɗauka. Ba a kuma cakuɗa tsoho da sabo don a ƙarar da shi, domin asid ɗin tsohon zai cinye kariyar sabon, ma'aunin littafi kuma ya daina aiki a kan gaurayen.

Tsofaffin harsasai da aka riga aka ɗura suna bin wannan ƙa'ida, sai dai ruɓewarsu a ɓoye take a cikin kwanso. Asid yakan ci tagulla daga ciki, a ga kore-kore a wuyan kwanso ko kewayen firama, ko tsaga a wuya, ko 'yan ramuka a jiki. Irin waɗannan ba a harba su. Idan aka ja kunama aka ji shiru, a bar bakin bindiga yana kallon inda ake harbi na rabin minti zuwa minti ɗaya kafin a buɗe, domin tsohon harsashi yana iya tashi a makare. Idan kuma ƙarar ta fito da rauni fiye da yadda aka saba, a sauke harsasai a duba bututu, domin kan harsashin yana iya tsayawa a ciki, kuma harba na biyu a bayansa yana fasa bindiga.

Wani haɗari ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Bindigar toka da maƙera ke yi, wadda maharba ke farauta da ita, 'yan bindiga kuma ke bugawa a hawan salla, don baƙin albarushi aka gina ta. Albarushin da ke cikin harsashin zamani, sabo ne ko tsoho, yana ba da matsin da irin wannan bututu ba zai ɗauka ba, kuma launinsa baƙi-baƙi yana sa a ɗauka duk ɗaya ne. Fasa harsashi a juye abin cikinsa a bindigar ɗuri ta baki hanya ce ta rasa hannu. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan bindigogi a Amurka da Italiya, da ƙarfe mai inganci, su ma suna buga gargaɗi a jikin bututun cewa baƙin albarushi kaɗai ake sa musu.

Ajiya mai kyau ba ta da yawan sharuɗɗa. Albarushi ya zauna a mazubinsa na asali da murfi a rufe, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da rana da fetur da fenti da wayar lantarki. An yi mazuban masana'anta ne don su buɗe da sauƙi idan wuta ta kama, abin da ke ciki ya ci da harshen wuta maimakon ya fashe. Kulle shi a akwatin ƙarfe mai kauri yana rushe wannan dabara. Ƙa'idar NFPA 495 ta Amurka ta yarda a ajiye har laba 20, wajen kilo 9, a gida a mazuban asali, abin da ya haura haka har zuwa laba 50 kuma sai a akwatin katako mai kaurin inci ɗaya. A rubuta ranar saye da ranar buɗewa a jikin kowane mazubi, a soma ƙarar da wanda ya fi daɗewa. A teburin aiki gwangwani ɗaya kaɗai ake ajiyewa a lokaci guda, kuma abin da ya rage a ma'auni a mayar da shi mazubinsa a ranar.

Wanda aka yanke wa hukuncin zubarwa ba a barin sa ya kwana a gida ana jiran samun lokaci. Ba a sa shi a bola, ba a zuba shi a kwata, ba a binne shi. Cika mazubin da ruwa yana kwantar da zafinsa ya hana shi kamawa na ɗan lokaci, amma naitiroselulos ba ya narkewa a ruwa, idan ya bushe zai ci wuta kamar da. Wannan dalili ne ya sa al'adar watsa shi a lambu da sunan taki ba ta da kyau, domin ƙwayoyin suna daɗewa a ƙasa ba su narke ba. Hanyar da SAAMI ta bayar ga ɗan kaɗan ita ce a ƙone shi a fili, a keɓantaccen wuri marar busasshiyar ciyawa, a baje shi kada kaurinsa ya wuce inci ɗaya, kada kuma tuli ɗaya ya wuce laba ɗaya, wato giram 454, a kunna shi daga nesa ta hanyar jeren abin da ke ci a hankali don mai kunnawa ya samu ya ja da baya. Wannan ga wanda doka ta ba shi ikon riƙe albarushin ne, a wurin da aka yarda a kunna wuta. Abin da ya fi haka yawa, da wanda ke hayaƙi ko ɗumi, da wanda ba a san ko mene ne ba, da duk wanda aka tsinta a ƙasar da riƙe shi ke buƙatar lasisi, a bar shi inda yake, a hana yara zuwa wurin, a sanar da 'yan sanda su turo masu kwance bam su ɗauke shi.